Hukuncin Raba Gado da Amsar Ƙirƙirarriyar Basira

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, daga Daura nake aiko da wannan tambaya. Yayanmu ya rasu kwanakin baya, bai bar ɗa ko 'ya ba. Ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarmu, da kakanmu, da mu ƙannensa maza biyu. Mahaifinmu ya riga shi rasuwa. Dukiyar gona ce da 'yan shanu da wasu kuɗi a banki. Da aka tashi daga zaman makoki, wani ɗan baffanmu da ya yi karatun kwamfuta ya shigar da bayanin a ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da ke waya, ta ce mu ƙanne ba mu da komai, kaka ya shamakance mu. Na karɓi wayar na rubuta mata cewa ban yarda ba, sai ta ba ni haƙuri ta kawo wani rabon daban. Shi ɗan baffan namu ya kafe a kan amsar farko. Hujjarsa ita ce na'urar ta karanta littattafan da babu malamin da ya karanta ko rabinsu, ba ta karɓar na goro, ba ta da dangi a cikinmu, kuma ƙwaƙwalwarta ta fi ta mutum. Malam, ya halatta a raba gado da amsarta? Kuma da gaske ne ta fi hankalin ɗan Adam?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya jiƙan yayanku, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Bai halatta a raba gadon nan da amsar na'ura ba, ko ta farko da ta hana ku, ko ta biyu da ta faranta maka. Yin aiki da ita a matsayin kayan aiki kuwa halal ne, zan zo kansa. Bari mu fara da mas'alar taku, domin a cikinta ne za ka ga inda gizo ke saƙar.

Amsar farko da ta bayar ba daga sama ta faɗo ba. Gadon kaka tare da 'yan'uwan mamaci tsohon saɓani ne tun zamanin sahabbai. Sayyidina Abubakar da Abdullahi ɗan Abbas sun ɗauki kaka a matsayin uba, wanda ke shamakance 'yan'uwa, kuma a kan haka Imamu Abu Hanifa ya tafi. Zaidu ɗan Sabitu da Sayyidina Ali da Ibnu Mas'ud sun ce 'yan'uwa suna gado tare da kaka. Imamu Malik da Shafi'i sun bi hanyar Zaidu, ita ce kuma aka sani a ƙasar nan tun daga karatun zaure har zuwa kotunan shari'ar Musulunci. To na'urar ta ɗauko maganar wata mazhaba ta miƙa wa mutanen Daura ba tare da ta tambayi ina suke ba, ko a gaban wane alƙali za su tsaya in rigima ta tashi.

A mazhabar Malikiyya, idan bayanin da ka rubuto shi ne kaɗai gaskiyar lamarin, za a kasa dukiyar kashi 36. Mata tana da rubu'i, kashi 9. Mahaifiya tana da sudusi saboda samuwar 'yan'uwa biyu, kashi 6. Saura 21. Kaka ana ba shi abin da ya fi masa cikin uku: sudusin dukiya gaba ɗaya, ko sulusin abin da ya rage, ko a lissafa shi kamar ɗan'uwa a raba da shi. A nan biyun ƙarshe sun yi daidai, don haka yana da 7, kai 7, ɗan'uwanka 7.

Amma ka lura na ce "idan". Da a zaurena ka same ni, ba zan taɓa alƙalami ba sai na yi maka tambayoyi. Kakan nan mahaifin mahaifinku ne ko na wajen uwa? In na wajen uwa ne ba ya cikin magada ma. Ku biyun shaƙiƙan mamaci ne, ko a cikinku akwai li'abi (wanda suka haɗa uba kawai) ko li'ummi (wanda suka haɗa uwa kawai)? Akwai bashi a kansa? Ya gama biyan sadaki? Ya bar wasiyya? Gonar tasa ce ta kansa, ko gadon mahaifinku ce da ba a raba ba, ko jingina ce a hannunsa? Shanun duka nasa ne, ko akwai na mahaifiya da yake riƙe mata? Sannan tambayar da ta fi duka nauyi, wadda ba a yi wa mace mai takaba ita a gaban maza, sai dai a tura wata dattijuwa ta ji: matar tana da ciki? In tana da shi, a wajenmu ana tsayar da rabon gaba ɗaya har ta haihu. Ta haifi namiji mai rai, kai da ɗan'uwanka ba ku da ko kwabo, mata ta koma sumuni (ɗaya cikin takwas), kaka ya koma sudusi. Ta haifi mace, 'yar ta ɗauki rabi, abin da zai rage muku ku biyu kashi 1 ne cikin 24. Kalma ɗaya daga bakin wata tsohuwa a cikin gida tana iya rushe duk lissafin da na yi a sama.

Nan ne bambancin yake. Na'ura tana amsa abin da aka rubuta mata. Mufti yana neman abin da aka ɓoye masa, ko aka manta, ko aka ji kunyar faɗa. Yana kallon fuskar mai tambaya, yana sanin wane ne zai ci riba in amsa ta karkata nan ko can. Ni ma da nake karanta wasiƙarka na lura kai mai rabo ne a cikin abin da kake tambaya, kamar yadda na lura rabon kaka wata rana zai gangara ga baffanninku. Ban zargi kowa ba, amma aikin mufti ne ya lura. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya gargaɗi mai ba da fatawa cewa in mutum ya zo masa daga wata ƙasa kada ya ɗora shi a kan al'adar garinsa, ya tambaye shi al'adar inda ya fito. Wannan ya fi tsanani a babin saki da rantsuwa. Mutum ya ce wa matarsa "je ki gidanku", hukuncin yana rataye ne a kan niyyarsa da yadda mutanen garinsu ke fahimtar maganar, kuma ba a gano wannan sai an zaunar da shi, sau da yawa an zaunar da ita ma.

Yanzu maganar ɗan baffanku cewa ta karanta littattafai da yawa. Yana da kyau a san yadda abin ke aiki, don kada a ɗauke shi aljani ko a ɗauke shi waliyyi. Irin waɗannan manhajoji, waɗanda suka yaɗu bayan kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, an ɗura musu rubuce-rubuce ne masu ɗimbin yawa, akasari daga intanet, aka horar da su su riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabace ta. Daga nan jimla ke haɗuwa, ta fito sumul kamar ta masani. Cikin abin da aka ɗura musu akwai ingantacce da ƙagagge, akwai maganar Ahlus Sunna da ta waɗanda ba su ba, akwai ta maƙiyan addinin ma. Mafi yawansa da Turanci yake, na Hausa ɗan kaɗan ne. Karatun da malamanmu na Katsina da Daura suka gada baki da baki, daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya zuwa Risala da Muhtasar, da irin bayanin da malami ke yi wa ɗalibi a kan buzu, mafi yawansa bai taɓa hawa intanet ba.

Babban aibinta kuwa shi ne muryarta ɗaya ce a lokacin da ta dace da lokacin da ta ƙaga. A 2023 wata kotun tarayya a birnin New York na Amurka ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000, saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen wasu shari'o'i da ba a taɓa yi ba. ChatGPT ne ya ƙaga su har da sunaye da lambobi, kuma da ɗaya daga cikin lauyoyin ya tambaye shi ko na gaske ne, ya tabbatar masa da cewa na gaske ne. Abin da ya iya ƙaga shari'a zai iya ƙaga hadisi, ya jingina shi ga Bukhari, ya sa masa lamba. Manzon Allah (SAW) kuwa ya ce wanda ya yi masa ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta, ya kuma ce wanda ya ba da labari daga gare shi alhali yana ganin ƙarya ne, to shi ma ɗaya ne daga cikin maƙaryatan. Na'ura ba ta da "da gangan". Wanda ya kwafa ya watsa a WhatsApp alhali ya san halinta shi ne a cikin hatsari.

Ka gwada ta da Imamu Malik. An ruwaito cewa an yi masa tambayoyi 48, ya ce "ban sani ba" a 32 daga ciki. Ba ƙarancin karatu ne ya sa shi ba, tsoron tsayuwa gaban Allah ne. Kai kuwa ka matsa wa waya sau ɗaya ta sauya hukunci ba tare da ka kawo mata aya ko hadisi ba. Ɗan baffanku ya ce ba ta karɓar na goro. Gaskiya ne, sai dai tana da saurin karkata ga wanda ke riƙe da wayar, kuma wannan ma nau'i ne na son kai, ko da ba ta san tana yi ba.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nahli, aya ta 43: ku tambayi ma'abota ilimi in kun kasance ba ku sani ba. Malaman usulu sun shardanta wa mufti ya zama Musulmi, baligi, mai hankali, adali, masani da abin da yake ba da fatawa a kai. Adalci sifa ce ta wanda zai iya saɓo ya bari don tsoron Allah. Na'ura ba mukallafiya ba ce, wato shari'a ba ta ɗora mata nauyi ba, ba a rubuta mata lada ko zunubi, ba a karɓar shaidarta a kan ko akuya, balle a kan hukuncin Allah. Muhammadu ɗan Sirina ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jerin mutanen da aka karɓo magana daga gare su, yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Duka biyun Imamu Muslim ya kawo su a gabatarwar Sahihinsa. Amsar na'ura ba ta da isnadi. Littafi ma ya fi ta, domin yana da marubuci sananne, kuma abin da ka karanta a shafinsa jiya shi za ka tarar gobe.

Wani zai ce ai malamai ma suna kuskure. Suna yi, kuma akwai masu ba da fatawa a Facebook da bai kamata a tambaye su ko farillan alwala ba. Ban kare su ba. Amma malamin da ya yi kuskure yana da suna da unguwa, ana iya komawa gare shi, malaman da suka fi shi suna iya yi masa gyara, ana iya ɗaukaka ƙara a kan hukuncin alƙali. A hadisin Abu Dawuda, wanda aka ba fatawa ba da ilimi ba zunubinsa yana kan wanda ya ba shi fatawar. In na'ura ce ta ba ka, babu wuyan da za a rataya nauyin sai naka. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ɗan gari ya tambaya.

Game da ko ta fi hankalin mutum: a sauri da lissafi da tara bayanai ta fi shi nesa ba kusa ba, kuma wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1997 kwamfutar kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan darar da Larabawa ke kira shaɗranji. Sai dai hankalin da shari'a ta rataya taklifi (nauyin bin umarni da hani) a kansa wani abu ne daban. Shi ne wanda Suratul Isra'i, aya ta 36, ta ce za a tambayi mutum a kansa tare da ji da gani. Shi ne yake sa mutum ya san yana da haƙƙi a gona amma ya bar wa matar yayansa ta noma bana don tausayi.

Kada kuma a fahimce ni da cewa ina ƙyamar fasaha. Asali a cikin abubuwan amfani shi ne halacci. Shi Ƙarafin da na ambata ya ba da labarin cewa ya ƙera wata fitila mai nuna sa'o'i, da siffar zaki wanda idanunsa ke sauya launi kowace sa'a, da wani mutum-mutumi da ke fitowa in alfijir ya keto da yatsa a kunne yana nuni da kiran salla, ya ce magana ce kaɗai ta gagare shi sa masa. Mu ma nan Katsina muna da Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Don haka ɗalibi ya nemi inda wata mas'ala take da na'ura sannan ya buɗe littafin ya gani da idonsa, ko ɗan kasuwa ya gyara wasiƙa da ita, ko a yi lissafin kuɗi bayan malami ya fitar da kason kowa, duk babu laifi. Abin da na hana shi ne ta zama ita ce maganar ƙarshe a halal da haram, da aure da saki, da gado da jini. Tambayarta gaibu kuwa, kamar wa ya yi sata ko me zai faru gobe, tare da gaskata ta, ƙofa ce ta bokanci. Kuma a yi hattara da zuba mata sirrin gida, domin abin da aka rubuta yana tafiya ne ga kwamfutocin kamfanin da ya mallake ta.

Abin da ya wajaba a kanku yanzu shi ne ku dakatar da rabon. In an riga an miƙa wa wani wani abu a kan amsar wayar, amana ce a hannunsa har a yi rabon gaskiya, abin da ya haura haƙƙinsa ya mayar. A bincika halin matar ta hannun mata, a ƙididdige dukiya a gaban shaidu, a fitar da bashi sannan wasiyya in akwai, wadda ba za ta wuce sulusi ba. Daga nan ku je wajen malamin da aka sani da ilimin fara'ili, wato rabon gado, a nan Daura, dukkanku, har da kaka ko wakilinsa. In ɗan baffanku bai gamsu ba, a je kotun shari'ar Musulunci, domin hukuncin alƙali yana kawar da saɓani a irin wannan mas'ala. Matar kuma ta ci gaba da takabarta a ɗakinta wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu in tana da ciki, kada wanda ya tashe ta saboda maganar rabo.

Wallahu a'alam.