Ɗakin Goggonka a Agege

Taubashina,

Saƙonka ya iso. Sau biyu na saurare shi, don na farko dariya ce ta hana ni ji da kyau. Wato hoto ɗaya ka gani, na Inna zaune a ƙofar ɗakinta da kaba a cinya da basilla a hannu, shi ne ka yanke mana hukunci: mun yar da tsohuwa a ɗakin haya a Kurmi tana saƙar faifai don ta samu na tuwo, mu kuma muna can muna shan iskar teku. Har da karin magana, wai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na yi maka uzuri, jini ne ya motsa, goggonka ce. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka gyara zama.

Mu fara da gidan da kake cewa a mayar da ita. Inna ta bar Zariya tana amarya, a jirgin ƙasa, kafin yaƙin basasar 1967. Kuma ba daji aka kawo ta ba. Ta tarar da Hausawan da suka yi kaka-gida a unguwar Agege ta Legas, waɗanda cinikin goro ya zaunar da su bayan layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1911, masu ɗaure huhu suna lodawa arewa, ga mahauta, ga 'yan shanu, ga masallatansu da sarkinsu. Baba yana cikin 'yan goro. A nan ta haife mu, a nan ta aurar da mu, a nan aka binne mijinta da 'ya'yanta biyu. Shekarun da ta yi a Zariya ba su kai 20 ba, na nan kuwa sun doshi 60. To ina ne gidan?

Ba wai ba a gwada ba ma. Kana ƙarami lokacin, ƙila ba ka tuna, amma bayan ta fita takaba Kawu ya matsa aka kai ta wajenku. An karrama ta, ba na musu. Ɗaki aka share mata, ga fura, ga nama. Sai dai in ta ɗauki tsintsiya a karɓe, in ta nufi murhu a ce Goggo zauna ki huta. Sa'o'inta duk sun riga mu gidan gaskiya ko aure ya kai su wasu garuruwa. Ga hunturu da ta manta da shi, ya farfasa mata ƙafa. Wata uku ta ɗaure kayanta. Abin da ta ce mini a tasha shi ne, “Baƙunta ta ishe ni.”

Ni ma na gwada nawa. Na ɗauko ta zuwa gidana a Ketu, hawa na biyu, da ruwan famfo da banɗaki a ciki. To amma kai ba ka san Legas ba. Maigidana yana fita kasuwar Mile 12 tun duhun asuba don ya tari motocin albasa, yara su fita da sassafe don kada cunkoso ya riƙe su, ni in tafi shago. A kulle get, a bar ta da talabijin da bango huɗu, gwiwa kuma ba ta barin ta sauka ko hawa yadda take so. Maƙwabta ba su san sunanta ba. Ranar da na dawo na same ta tana leƙen titi ta taga kamar wadda aka ɗaure, na san ni ce nake zaluntar ta. Kaɗaici na gaske ke nan, ba wanda ka gani a hoto ba.

Abin da ya kamata ka gane shi ne wannan. A wajenku tsakar gida ke riƙe tsoho. Ko bai yi komai ba, ga kishiyoyi suna daka, ga jikoki suna tsalle a kansa, ga masu shigowa gaisuwa ta zaure. Mu nan ba zaure, ba tsakar gida. Gidan haya ne, dogon lungu, ɗaki na kallon ɗaki, Bayarabe a dama, Inyamuri a hagu, kowa da harkarsa. Mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar ina zai sa uwarsa? Shi ya sa tsofaffinmu da yawa suke riƙe ɗakunansu, 'ya'ya su biya haya, su kawo cefane. Abin da ke hana ɗakin zama kurkuku kuwa shi ne sana'ar hannu. Ita ke buɗe ƙofar. Tsohuwar da ke saƙa tana da dalilin shimfiɗa tabarma a waje, mutane kuma suna da dalilin tsayawa.

Da ka kwana biyu da ita da ka ga abin da nake nufi. Tana idar da sallar asuba sai ta kunna rediyo ta ji shirin safe na BBC Hausa, ta aiki yaron maƙwabta ya sayo mata koko da ƙosai, wanda masu sayarwa suke kira ogi da akara, wata rana burodin Agege da wake. Mairuwa ya zuba mata jarka biyu. (Wannan suna namu ne, amma yau duk Legas da shi ake kiran masu tura kurar ruwa.) Hantsi na dubawa ta fito da kwandonta, don da hasken safe take aikin da ke son ido. Kafin azahar ka ƙirga: mai kawo kuɗin adashi, don ita ce uwar adashin layinsu, 'yan mata biyu da take koya wa kwarashi, uwar amarya da ta zo duba aikin da ta bayar, matar da suka yi faɗa da miji ta zo a ba ta baki, ga Iya mai gidan, tsohuwa kamarta, da ba ta wucewa sai ta ce “eku ishe, Alhaja”, wato sannu da aiki, ta ja kujera su ɓarke da Yarabanci. Goggonka tana zuba Yarabanci fiye da yadda kake zuba Turanci, Malam ɗan boko.

Faifan kansa kuwa, kada ka raina shi don kun saba ganin sa birjik a kasuwa. Nan ba goruba. Kowane zare na kaba da ke hannunta daga arewa ya zo, a saman buhunan albasa da tattasai masu sauka Mile 12, ko a hannun yaran motar shanu masu kai wa mayankar Oko-Oba. Ita da kanta take tsaga ta siri-siri, ta jiƙa ta yi laushi, ta rina da galura, ja da kore da shuɗi. Sannan ta tattara ciyawar ciki ta kafa cibiya, ta riƙa naɗe ta da kaba tana huda da basilla tana ɗaure kowane zagaye da na bayansa. Duk kyan faifai yana wajen cibiyar nan. In ta karkace tun farko, ko me ka yi daga baya zai fito kamar hular da aka zauna a kai. Zanen ba ta taɓa zana shi a ko'ina ba, a ka yake, da ƙirga. Ni na koya ina yarinya, na watsar, yau in na kama sai ta karɓe ta warware ta ce na yi mata asarar kaba.

Babban abokin gabarta laima ne. Damina a nan tana somawa tun kuna fama da zafin bazara, ta yi ƙarfi a watan Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta sake dawowa. Kaba ta kwana uku a lungu sai ka ga funfuna ta yi mata fari-fari, launi ya dushe. Shi ya sa take rataye ta can sama kusa da rufi, rana na leƙowa ta baza ta. Matan da suka gaji da wannan wahala sun koma zaren buhu da na roba, wanda ruwa ba ya ci kuma ana wanke shi. Inna ma tana yi in an matsa mata, amma tana yi tana mita, wai wannan murfin bokiti ne, ba faifai ba. Ni dai a nan ina bayanta. Rufe ƙwaryar fura da na roba ka ga gumin da zai tara.

Wa ke saye? Mu ne. Bahaushiyar da aka haifa a Idi-Araba ko Obalende, wadda ba ta taɓa ganin rumbu ba, ranar da za a yi wa 'yarta jere sai ta nemi faifai da mafici da tabarmar kaba, ko da kuwa ɗakin cike yake da kayan Dubai. Kamar ma mun fi ku riƙo da abin, don ku ba ku jin tsoron ya ɓace muku. Mafici kuma ba ya kwantai a garin da ake ɗauke wuta ga zafi mai naso. Abin dariyar shi ne na kwarashi. A nan sanyin kirki ba ya zuwa, hunturu ɗan hazo ne na 'yan kwanaki, amma ulu yana da sauƙin samu a kasuwannin cikin Ikko. Sai ga shi tsofaffin Legas suna saƙa hula da safa da rigar jarirai ana aikawa arewa. Kayan sanyin da aka sa wa autarka ranar suna, daga wannan ɗakin hayar da kake tausaya wa suka fito.

Kaɗi ne kawai ya mutu. Mazarinta na nan a ƙasan akwati tare da ɗan guntun alli, amma ina audugar, ina masaƙin da zai sayi abawa? Takan ɗauko shi ta nuna wa jikoki yadda ake murzawa, su yi ta dariya. Wani abin da ita da Iya suke yawan taɓawa shi ne asho-oke, saƙin Yarabawa da garin Iseyin ya yi suna a kai. Mai ruwan ƙasa-ƙasa da suke kira sanyan, da zaren tsamiya ake yin na asali, irin wanda ake aikin babbar riga da shi a Zariya. Ja mai duhu da suke ce wa alari kuwa, ai alharini ne, wanda fatake suka riƙa ketowa da shi ta Sahara. In suka kama wannan hira kowace sai ta ce kakanninta ne suka koya wa na ɗayar.

Maza ma haka. Je ka gindin masallaci bayan la'asar, za ka ga dattawan da ƙarfin dako ko bin shanu ya ƙare musu, wani na ɗinkin hula, wani na wankinta, wani na tufkar igiya ana shirin ragunan layya.

Kada ka ce na shafa wa abin zuma. Kuɗin faifai ba ya biyan haya, ko kusa. Abin da yake yi shi ne ya saya mata goro da sabulu da katin waya, ta sa wa jika wani abu a hannu ranar sallah, ta kai gudummawar biki ba tare da ta kira ɗayanmu ba. Wanda bai taɓa jiran a ba shi ba, ba zai san daɗin wannan ba. Sannan jiki yana ta karɓar nasa. An cire mata yanar ido ɗaya, ɗayan ma ya soma. Yatsu suna ƙagewa in an yi ruwa. Bara ta zame a banɗakin da gidan duka ke haɗawa, Allah ya tsare ba karaya, amma mun yi kwana biyu a asibiti, rabin wunin farko a kan benci muna jiran a dube ta. Daga nan muka sa aka kafa mata ƙarfen riƙewa, muka sayi kujerar wanka, muka bar mabuɗi ɗaya a hannun Iya. Ƙa'ida ce yanzu, in gari ya waye ba a ji rediyonta ba, a buga ƙofa. Ɗiyar ƙanwata tana kwana da ita, ni ina zuwa Talata da Juma'a, in sauka a Pen Cinema in hau keke, wanda mu nan muke kira Marwa, da sunan gwamnan soja Buba Marwa da aka kawo su a zamaninsa. Fargabata ta gaske ita ce ranar da magadan Iya za su sayar da gidan a rushe, kamar yadda ake ta yi a unguwar. Kuma akwai tsofaffin da ba su da kowa, waɗanda sai jama'ar masallaci da masu unguwa sun yi karo-karo, wani lokaci har kuɗin motar komawa arewa. Waɗannan su ne abin tausayi, kuma muna da su.

Ranar da hannu ya kasa riƙe basilla, ko ta fara manta tukunya a wuta, zan ɗauke ta ko tana so ko ba ta so, mun riga mun nemi ɗakin ƙasa. Ita ma ta sani. Amma ba zan gaggauta mata ranar ba don a daina yi da mu a Zariya.

Na kunna mata saƙonka, ta saurara har ƙarshe ba ta ɗaga kai daga aikinta ba. Ta ce in gaishe ka, in gaida mai ɗakinka, in ce Allah ya yi albarka. Ta ce kuma tunda tausayinta kake ji, ka nemo mata kaba ɗauri biyu, sabuwar yanka, fara, ba wadda ta sha rana ta yi ja ba, ka ba direban da ya kawo muku kayan sanyi. Ka haɗo da daddawa da kuka. Ni kuma ka shirya, lissafin kuɗin sharar da ke tsakaninmu yana nan, ban manta ba.