Kifin samon ba ya son doguwar wuta

Yarona, saƙonka ya iso. Ka ce likita ya hana Alhajin gidan da kake wa girki cin soye-soye, shi ne Hajiya ta sayo kifin samon tana son a riƙa gasa masa da dare. Ka gasa, ya fito a bushe, wani farin abu ya tsattsafo a jikinsa, aka ɗan taɓa aka ture faranti. Kana tambaya ko kifin ne ba kyau, ko obin ɗin gidan, ko kuwa hannunka.

Hannunka ne. Amma kada ka damu, hannun kowa ne a cikinmu da farko. Mu da tarwaɗa da karfasa da titus muka koyi kifi, kuma abin da aka koya mana shi ne a soya har ya yi ƙarau, ko a jefa a miya ya yi ta tafasa. Tarwaɗa tana jure wannan. Samon ba ya jurewa. Minti uku kacal ne tsakanin samon mai laushi da wanda za ka tauna ka nemi ruwa. Na tabbata ka bar shi rabin awa ko fiye, don kana tsoron a ce ka kai wa Alhaji ɗanyen kifi.

Bari dai mu faro daga kanti, tun ran gini tun ran zane.

Samon ba kifin ruwanmu ba ne, ba za ka same shi a Yauri ko Baga ba. Kifin ƙasashen sanyi ne. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo kogin ya yi ƙwai. Mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya yanzu na kiwo ne, ana tsare shi cikin manyan raga a bakin teku ana ba shi abinci. Norway ce kan gaba, ƙasar nan da panla ke zuwa mana daga can, kuma tun 1970 suka fara kiwon a wani tsibiri da ake kira Hitra. Chile ke bi mata. Wanda ba na kiwo ba, wanda ake kamowa a teku, yawanci daga Rasha ko Alaska ta Amurka yake, a Alaska ɗin ma an haramta irin wannan kiwo tun 1990. Ba don ka burge kowa na faɗa maka wannan ba. Na kiwo ya fi kauri, ya fi maiƙo, za ka ga fararen layuka sun ratsa tsokar, don haka yana ɗan yafe maka idan ka wuce da minti ɗaya ko biyu. Na teku ya fi siranta, maiƙonsa kaɗan ne, nan da nan yake bushewa. Saboda haka ka karanta takardar da ke jikin ledar kafin ka kunna wuta, ka san wanne ke hannunka.

Kada launi ya ruɗe ka. Jan da kake gani daga abincinsa yake samo shi: na teku yana cin ƙananan jatan lande, na kiwo kuma ana saka masa sinadarin da ke kawo jan a cikin abincin da ake ba shi. Ja sosai ba ya nufin sabo ne, ɗan kodewa kuma ba ya nufin ya lalace.

Abin da zan so ka sa wa ido shi ne ƙanƙara. Kifin da ya zo mana daga wannan nisa a daskare yake zuwa, kuma daskararren da aka kula da shi ba shi da aibu ko kaɗan. Matsalar tana hanya: a ɗauke wuta, firiza ta huce, kifi ya narke, a dawo da wuta ya sake daskarewa. Ɗaga ledar ka duba. Idan ka ga ƙanƙara ta taru a ciki kamar gari, ko ruwa ya gangara gefe guda ya daskare, an taɓa barin sa ya narke, ajiye shi. Idan gefen tsokar ya yi fari-fari ya bushe, ko ya koma rawaya, ya daɗe a firiza kuma maiƙon ya fara juyawa, shi ma ajiye. Ledar ta manne da kifin sosai, ba huji, ba iska. Wanda aka shimfiɗa a kan ƙanƙara ana ce maka sabo ne, tambayi mai kanti yaushe aka narkar da shi, domin da wuya a ce bai taɓa shiga firiza ba. Ka danna da yatsa, tsokar ta dawo. Ka sansana, kada ka ji ƙarni mai hawa kai ko tsami. Idan tsokar ta fara tsagewa tana rabuwa da kanta, bar musu kayansu ko da sun rage maka kuɗi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wanda aka yanka falle-falle cikin leda mai faɗi, wanda aka yi wa hayaƙi da gishiri. Wannan ba na gashi ba ne, da burodi ake cinsa a haka, kuma gishirinsa ya yi wa mai hawan jini yawa. Na sha ganin an sayo shi bisa kuskure.

Idan kai aka aika, zaɓi yankan tsakiya mai fata, kowane yanka giram 150 zuwa 180, kuma kaurinsu ya zo ɗaya don su nuna tare. Wajen wutsiya siriri ne, idan ya zo a ciki to shi za ka fara cirewa daga obin.

Narkarwa kuma, a nan yara da yawa ke kashe kifi tun bai ga wuta ba. Ba a zuba masa ruwan zafi, ba a ajiye shi kan tebur a zafin garin nan daga safe har yamma. Tun daren jiya za ka fitar da shi daga ledar kanti, ka ɗora a faranti, ka rufe, ka sa a ƙasan firij. Cire ledar ba tsirfa ba ce: akwai wata ƙwayar cuta mai guba da ke son wurin da ba iska, kuma irin wannan matsattsiyar leda ita ce gidanta idan sanyi ya ragu. Idan Hajiya ta faɗa maka a makare, sa shi cikin wata leda, ka ɗaure, ka nutsa a ruwan sanyi, kana sauya ruwan duk rabin awa. Cikin awa ɗaya ya saki. Wanda ya narke kuma, a gasa shi a ranar, kada a mayar da shi firiza.

Da ya narke, shafa yatsanka a kan tsokar daga wajen kai zuwa wutsiya. Za ka ji wasu ƙananan ƙayoyi a jere a tsakiya. Sa hantsaki mai tsabta ka zare su ɗaya bayan ɗaya, ka bi inda suka karkata don kada ka yaga tsokar. Dattijo ɗaya ya shaƙe da ƙaya, duk daɗin girkinka ya tashi a banza. Idan akwai sauran ɓawo a fatar, kankare da bayan wuƙa. Fatar kuwa ka bar ta, ita ce za ta tsaya tsakanin tsokar da zafin tire. Wanda ba ya ci, da kanta take salɓewa bayan gashi.

Farin abin da ya ba ka tsoro ba cuta ba ce. Wani ruwa ne da ke cikin tsokar, dangin farin ƙwai, wanda zafi ke matso shi waje ya daskare. Ana ci lafiya lau, muni kawai gare shi. Amma idan ya yi yawa, shaida ce wuta ta yi yawa ko an daɗe. Kana iya rage shi: narka gishiri babban cokali uku a cikin lita ɗaya ta ruwan sanyi, ka jiƙa kifin minti goma, ka fitar ka tsane shi sosai da tsumma mai tsabta. Idan ka yi haka ba sai ka ƙara gishiri ba. Idan likita ya rage wa Alhaji gishiri, tsallake wannan, ka dogara da kula da wuta.

Sai kayan haɗi. Na san hannunka, za ka so ka jera magi da kori da tayim da yaji ka lulluɓe shi har a kasa gane ko kifi ne ko kaza. Kada ka yi. Kifin da aka sayo da wannan kuɗi, a bar mutum ya ji ɗanɗanonsa. Ni abin da nake sawa: man zaitun ƙaramin cokali ɗaya ga kowane yanka, man gyaɗa ma ya yi, gishiri kaɗan, masoro, tafarnuwa da ɗanyar citta da aka goga. Idan mutanen gidan masu son zafi ne, ɗan attaruhu yankakke ƙanana a sama ba zai ɓata ba. Lemun tsami ka ajiye sai an sauke. Idan ka jiƙa kifin a ruwan lemu tun rana, tsamin zai fara dafa shi tun a faranti, ya yi fari a waje, ya zo ya dagargaje a obin. Turawa suna son shafa masa zuma, yana da daɗi, sai dai zuma saurin ƙonewa gare ta, kuma ban san ko Alhaji na da ciwon suga ba, ka tambayi Hajiya.

Yanzu wuta. Kunna obin ya yi zafi tukuna, aƙalla minti goma sha biyar, a digiri 200. Idan obin ɗin irin na Amurka ne mai manyan lambobi, 400 ke nan. Idan na gas ne mai lamba ɗaya zuwa tara, sa a shida. Shimfiɗa takardar gashi ko foyil a tire, ka jera kifin fata a ƙasa, da ɗan tazara, ka sa a tsakiyar obin. Ba a juya shi. Yankan da kaurinsa ya kai gaɓar babban yatsanka, wato wajen santimita biyu da rabi, minti 10 zuwa 12 yake buƙata. Nauyi ba ruwansa, kauri ake dubawa: yanka ɗaya da yanka shida lokacinsu ɗaya idan kaurinsu ɗaya ne. A minti na tara ka buɗe ka duba, domin obin ɗin gidaje ba su cika faɗin gaskiya ba, wani ya fi abin da aka rubuta zafi, wani baya ya fi gaba.

Yadda za ka gane ya yi: danna wuri mafi kauri da cokali mai yatsu. Idan tsokar ta fara rabuwa ɓara-ɓara ba tare da ka matsa ba, can ciki kuma launin ya ɗan fi na waje duhu yana sheƙi, sauke. Kada ka jira cikin ya kode gaba ɗaya, domin zafin da ke jikinsa zai ci gaba da dafa shi a kan tebur. Rufe da foyil sako-sako, ka ba shi minti uku zuwa biyar. Da za ka shawo kan Hajiya ta sayi ma'aunin zafi na abinci, irin mai tsinke, da ka huta da kintace. Hukumomin lafiya na Amurka digiri 63 suka ce cikin kifi ya kai. Masu girki a manyan otal da yawa suna saukewa tun a 52 saboda laushi. Ra'ayina, ga dattijo marar lafiya, ko mai juna biyu, ko ƙaramin yaro, da kifin da ba mu san irin wahalar da ya sha a hanya ba, ka sauke a wajen 60, hutun da zai yi ya ƙarasa shi zuwa 63. A nan ma da laushinsa. Naka na tabbata ya haura 75.

Ranar da gas ɗin obin ya ƙare, dabarar matan da ke gasa kek a tukunya tana aiki. Zuba yashi ko gishiri a gindin babbar tukunya, ka ɗora wani ƙarfe ko murfi a kai, ka rufe ta yi zafi. Naɗe kowane yanka a foyil da albasa da tattasai, ka jera, ka rufe, wuta matsakaiciya. A minti goma sha biyu ka kwance ɗaya ka duba. Ba zai yi ja a sama ba, amma turirin da ke cikin naɗin zai hana shi bushewa.

Abin da za a ci da shi ba wuya. Yanka dankalin turawa ko na Hausa da karas, ka shafa musu mai da gishiri, su riga kifin shiga da minti ashirin, sannan ka matsar da su gefe ka sa kifin a tire ɗaya su ƙarasa tare. Alayyahu ko kwaɗon zogale a gefe, shi ke nan abincin dare ya haɗu, tire ɗaya za ka wanke.

Batun lafiya kuwa, gaskiyar likita ne. Maiƙon samon irin wanda ake kira omega-3 ne, mai amfani ga zuciya, kuma masana zuciya suna ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako. Sau biyu, ba kullum ba. Ka kuma gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa titus da sadin suna da irin wannan maiƙo sosai. Makon da samon ya yi wuya ko kuɗinsa ya tashi, ka gasa titus a wannan tsari, ka dai tsaga jikinsa biyu ko uku, ka ƙara masa minti kaɗan tunda da ƙashinsa yake.

Idan an rage, kada ya wuce awa ɗaya a waje a wannan zafi. Sa a firij a rufe, a cinye cikin kwana biyu. Kada ka mayar da shi obin ya sake shan wuta, ka farfasa shi a kan salak, ko ka juya shi cikin shinkafa mai zafi daf da za a kai tebur. Gobe ka gwada da yanka ɗaya tak kafin ka taɓa sauran, ka sa agogon wayarka, ka rubuto mini minti nawa obin ɗin gidan ya ɗauka. Ka gaida Hajiya.