Tambaya da Amsa: Me Ke Sa Mai Sauraro Ya Dawo Mako Mai Zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, kuma muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo ni da abokaina. Na rubuta wasan barkwanci mai kashi 13, na kai wani gidan rediyo, amma mai kula da shirye-shirye ya mayar mini da shi. Ya ce akwai maganganun ban dariya a ciki, sai dai babu abin da zai sa mai sauraro ya jira kashi na gaba. Me yake nufi? Daga Sanusi, Ƙaura Namoda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sanusi. Ban karanta rubutunka ba, amma ina zargin ka tara maganganun raha ne ka rarraba wa ƴan wasa, ta yadda idan aka ɗauke magana daga bakin wannan aka sanya a bakin wancan babu abin da zai sauya. Wasan barkwanci mai dogon zango a kan hali ake gina shi. Ka tuna marigayi Usman Baba Pategi, wanda duk ƙasar Hausa ta sani da Samanja. Tsohon soja ne, kuma abin da ya riƙe jama'a shekara da shekaru shi ne sun san halin wannan sojan mai Hausar bariki, har kafin ya buɗe baki sun fara murmushi saboda sun hango inda fushinsa zai kai shi.

Saboda haka ka koma kan mutanenka. Huɗu ko biyar sun isa, musamman a rediyo, inda kunne ke rikicewa idan muryoyi suka yi yawa. Kowanne ka ba shi abin da yake matuƙar so, da kuma aibin da ke hana shi samu, sannan ka haɗa su a wurin da ba su da halin guje wa juna, kamar gidan haya, ko teburin mai shayi a bakin tasha, ko ofishin da albashi ya makara.

Bari in ba ka misali. Ga maigida marowaci, amma mai son a kira shi mai kyauta. An aiko masa da busasshen kifi daga Yawuri, yana cikin lissafin kwana nawa zai yi masa, sai ga sallamar surukansa. Ya tura kifin ƙarƙashin gado, ya shimfiɗa musu tabarma, ya shiga ba su labarin tsadar rayuwa da yadda rabonsa da ganin kifi tun bara. Nan kyanwa ta fara kuka a bakin gadon. Ya kore ta, ta dawo. Ya ce ai ba ta da lafiya ne, sai surukin ya ce shi kuwa ya san maganin dabbobi, bari ya leƙa ya kamo ta. Ka lura babu wanda ya faɗi wata magana ta ban dariya a nan. Mai sauraro ya san abin da baƙin ba su sani ba, kowace ƙarya kuma tana haifar da wadda ta fi ta girma, kuma kukan kyanwar ya yi aikin da kyamara za ta yi a talabijin, ba tare da wani ya tsaya yana bayyana abin da ke faruwa ba. Wannan bayanin, irin su "ga shi na ɗauki sanda zan buge ka", shi ne ya fi kashe wasannin rediyonmu, a ganina.

Idan asiri ya tonu, kada ka bar maigidan ya tuba. Ya ji kunya, ya yi asarar kifin, amma mako mai zuwa ya dawo da rowarsa cikakkiya, domin ita ce jarinka na sauran kashi 12. Game da tsawo kuwa, a Amurka shirin rabin awa bai cika wuce minti 22 ba idan aka cire talla, don haka ka tambayi gidan rediyon minti nawa ne naka, ku karanta rubutun a bayyane da agogo a hannu, duk inda abokanka suka yi shiru ka soke.

Tambaya: Ina rubuta wasan talabijin. Shin in sa ƴan wasa su yi Hausarmu ta nan, ko daidaitacciya? Daga Hauwa'u, Birnin Kebbi.

Amsa: Malama Hauwa'u, bayanin fage da umarnin ƴan wasa ki rubuta su da daidaitacciyar Hausa, amma zance ki bar kowa da harshensa. Tsohuwar da ta tashi a Argungu "tahi" za ta ce, ta amsa da "awo", kuma idan kika cusa mata Kananci masu kallo na gida ne za su fara ganewa. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne kada karin harshen ya zama shi kaɗai ne abin dariyar, kamar yadda wasu ke sa duk mai Sakkwatanci ya fito a matsayin baƙauye. Al'adarmu ta riga ta tanadi inda tsokana ta halatta: tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa. A duk waɗannan, wanda aka tsokana yana da damar ramawa, don haka idan kin ba Bafulatanin wasanki fage ɗaya ya yi galaba, ki tanadar wa Babarbaren nasa kafin shirin ya ƙare.