Me ya sa Pacemaker ke cewa Apache ya faɗi alhali yana aiki?

Malam, ka ce Pacemaker, manhajar da ke kula da ayyuka a gungun na'urorin saba, na ta nuna Apache, wato sabar shafinka na intanet, ya faɗi, ga shafin kuwa yana buɗewa lafiya lau. Ni dai server-status nake zargi, wato shafin da Apache ke nuna halin da yake ciki. Wakilin ocf:heartbeat:apache, wanda Pacemaker ke sa ido kan Apache da shi, can yake leƙawa ta localhost, wato daga cikin na'urar kanta, don ya tabbatar sabar na da rai. In mod_status, ɓangaren Apache da ke samar da wannan shafin, a kashe yake, ko an hana 127.0.0.1 (adireshin localhost) shiga, sai ya ɗauka ta mutu. Ka buɗe masa hanya, sannan ka buga umarnin pcs resource cleanup don goge tsohon kuskuren.

Ka kuma hana systemd, mai kunna ayyuka in na'ura ta tashi, tayar da httpd (wato Apache) a kowace na'urar gungun, Pacemaker kaɗai ya kamata ya riƙa kunna shi. Sai ka ɗaure Apache da adireshin IP ɗin da ke ƙaura tsakanin na'urorin, IP ya riga shi tashi. STONITH kuwa, wato tsarin da ke katse na'urar da ta samu matsala daga gungun, don Allah kar ka kashe shi.