Magungunan nan sun yi min yawa, ya zan yi in riƙe su?

Tambaya: Salam Anti, ni ɗaliba ce a makarantar koyon jinya a nan Zariya, aji biyu nake kuma wata mai zuwa za a tura mu wodi. Wallahi darasin magunguna ya fi ƙarfina, in na haddace da dare da safe sai in nemi rabi in rasa, ga tsoron kar in ba mara lafiya abin da zai cutar da shi. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki daina haddar magani ɗaya-ɗaya, babu kan da zai ɗauka. Magunguna dangi-dangi ne, kuma sau da yawa ƙarshen sunan shi ke nuna miki gidan da ya fito. Kowane dangi abu biyu za ki riƙe, me zan duba kafin in bayar, me zan sa wa ido bayan na bayar.

Fara da na hawan jini tunda su za ki fi gani. Masu ƙarewa da pril, irin su lisinopril da captopril, suna sa busasshen tari mai naci, za ki ga dattijo ya sha maganin tari kwalba-kwalba daga kemis alhali ƙwayar da yake sha kullum ce ke sa shi. Wannan da sauƙi, likita zai canza. Amma in leɓe ko harshe ya kumbura to gudu za ki yi ki kira likita don numfashi na iya toshewa, kuma ba a ba mai ciki su sam. Masu olol, atenolol da propranolol, ki ƙirga bugun jini na minti ɗaya cur kafin ki bayar, in bai kai 60 ba ki dakata ki tambaya, ki kuma tambayi mutum ko yana da asma. Amlodipine yana kawo kumburin ƙafa. Lasix kuma, mai sa yawan fitsari, da safe ake ba shi, in ba haka ba bawan Allah zai kwana yana zaryar banɗaki, kuma yana zubar da potassium, sinadarin da zuciya ke buƙata a jini.

Na ciwon suga, metformin yawanci ciki yake ɓatawa shi ya sa ake sha da abinci. Insulin da glibenclamide su ne masu kayar da suga ƙasa, gumi, rawar jiki, ruɗewa. Kar ki yi allurar insulin ba ki auna suga ba kuma ba ki tabbatar abincin ya iso ba, don a asibitocinmu sau da yawa daga gida ake kawowa, mai kawowa na iya maƙalewa a hanya tun daga Samaru. Ki tambaya ko mutum na azumi, wasu ba za su faɗa ba sai kin tambaya.

Diclofenac, ibuprofen da piroxicam, waɗanda mutanenmu ke sha kamar gyaɗa saboda ciwon jiki, suna cin ciki su kawo olsa da zubar jini kuma suna taɓa ƙoda. In bayan gida ya koma baƙi ƙirin ki kai rahoto. Farasitamol ma kar babba ya wuce giram 4 a yini, hanta ce ke biya.

Akwai wanda nake so ki sani sosai don ranar da za ki gan shi kar ki ruɗe. Metoclopramide na amai, da haloperidol da Largactil na taɓin hankali, kan sa wuyan mutum ya murɗe gefe guda, ido ya kakkafe sama, harshe ya fito, an fi gani a yara da matasa. Nan take 'yan uwa za su fara salati ana cewa iska ce a nemo mai ruƙiya. Ke kuma takardar magani za ki buɗe ki ga me aka ba shi, ki tsayar, ki kira likita, akwai allurar da ke warware shi cikin mintoci.

In aka kai ki ɗakin haihuwa za ki haɗu da magnesium sulphate na masu jijjiga. Kafin kowace allura ta gaba ana buga gwiwa a ga ƙafa ta harba, a ƙirga numfashi ya kai 16 a minti, fitsari ya kai mil 30 a awa, kuma calcium gluconate ya kasance kusa don shi ne makarinsa. Sai kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta: gentamicin yana taɓa ƙoda da kunne. Rifampicin na tarin fuka yana mayar da fitsari ja, ki gaya wa mutum tun farko kar ya tsorata ya daina sha. Septrin in ya kawo ƙuraje da gyambon baki a tsayar da shi take, a cike fom ɗin NAFDAC mai ruwan ɗorawa na kai rahoton illar magani.

Potassium chloride kuwa ko wa ya ce ki tura shi jijiya kai tsaye da sirinji ki ce a'a, zuciya yake tsayarwa, sai an sirka shi cikin ruwan ƙari ya tafi a hankali. Kuma allurar da ba a gabanki aka zuƙa ba kar ki yi ta, ko sista ce ta miƙo miki, ki ce ta yi haƙuri ta nuna miki kwalbar.