Tambayi Makanike: Tiyon burkin tsohuwar a-kori-kura, ina za a samo shi?

Jama'a barkanmu da war haka. Saƙonni uku na ɗauko wannan karon, dukansu a kan burki, kuma na farkon ne zai ci mana wuri don shi ne ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba makanike, ina gaisuwa da fatan iyali suna lahiya. Ni ɗan unguwar Zariya ne nan Maradi, ina da tsohuwar Hilux mai gazuwal da na gada wajen mahaifina Allah shi jiƙanshi, da ita nike ɗauko buhunan aya da wake daga Cadawa da Gazawa wani bi har Dakoro nike zuwa. Satin da ya wuce yaron mota ya nuna mini tiyon burki na ƙafar gaba ta hagu shina jiƙewa da mai kuma in an taka sai ya kumbura. Na zagaye masu kayan mota wani ya ce babu, wani ya ba ni wanda bai kai tsawo ba, wani ya ce in sayi okaziyo da aka ciro daga wata mota, wani kuma ya ce in kai ma masu matse tiyon tarakta su yi mini sabo. Wanne zan bi Baba? motar nan ita ce abincinmu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi gafarta wa mahaifinka. Kafin komai ka ajiye motar nan, kada ka ce bari in yi lodi ɗaya in samu kuɗin gyara, tiyon da ya fara kumbura ya riga ya yi sallama, zaren da ke cikinsa ya tsinke saura fatar waje kawai ke riƙe da man, kuma ba a gaban gida zai fashe ba, ranar da ka taka da ƙarfi don jaki ya gitta maka da lodi a baya ranar zai fashe, ƙafarka ta tafi har ƙasa.

Mutane na raina abin nan don guntun roba ne da bai fi kamu ɗaya ko biyu ba. Amma ka duba, iskar da ke cikin tayarka ba ta wuce bar 3 ko 4 ba (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi), shi kuwa man burki in ka taka da gaske yana iya kai bar 100. Shi ya sa tiyon kirki ake gwada shi a masana'anta da nauyin da ya kai wajen bar 275 na minti 2 bai fashe ba, kuma shi ya sa za ka ga an rubuta SAE J1401 a jikinsa, wato lambar ƙa'idar gwajin, sau da yawa da DOT, alamar hukumar sufuri ta Amurka, da 1/8 wato faɗin raminsa, da wata da shekarar da aka yi shi. Wanda ka juya ka juya ba ka ga rubutu ko ɗaya a jikinsa ba, ka mayar wa mai shi ko da kyauta ya ba ka.

To batun okaziyo. Ni ba maƙiyin kayan okaziyo ba ne, rabin motocin garin nan da su suke tafiya, giya, aksul, ƙofa, har injin sukutum duk na sha ɗaura wa mutane kuma sun more. Amma ban da roba. Hilux irin taka, in irin LN106 ce ko ƙanwarta LN85, tsakanin 1988 da 1997 aka ƙera su, to motar da za a ciro maka tiyon daga jikinta sa'ar taka ce, tsohon da ka cire shi za ka sake saya da kuɗinka, an dai goge shi da baƙin mai yana ƙyalli. In kana son ka gani da idonka ka karɓi tiyon ka lanƙwasa shi kusa da bakin ƙarfen, za ka ga ya buɗe tsaga-tsaga kamar fason dunduniya lokacin ɗari. Zafin Maradi da ƙurar hanyar Dakoro ba su bar roba ta tsufa da mutunci.

Masu matse tiyon tarakta kuwa aikinsu suke yi kuma sun iya, sai dai tiyonsu na man injin ne da man haidirolik, robar cikinsa daban take da ta burki. Man burki yana cin waccan robar a hankali, kamar yadda shi ma man injin ke kumbura robar burki. Ranar farko za ka ga lafiya lau, burki ya kama, ka yi ta sa wa mai aikin albarka, bayan ƴan watanni cikin tiyon ya fara ruɓewa yana sakin baƙin gari cikin mai. Wanda ya fi wannan muni shi ne na yanke bakunan tsohon a cusa cikin tiyon mai a ɗaure da kilif ko waya, na taɓa ciro irinsa daga ƙarƙashin wata mota mai ɗaukar mutane zuwa kasuwar ƙauye, wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Yanzu ga yadda za ka nema. Kuskuren da ka yi shi ne ka tafi kasuwa da baki kawai, kana cewa a ba ni tiyon burkin Hilux. Hilux iri nawa ce? mai jan ƙafa huɗu daban, mai jan biyu daban, ta gaba daban ta baya daban. Ka sa a cire tsohon ka tafi da shi a hannu, a toshe bakin bututun ƙarfen kada man ya tsiyaye duka. Sannan ka buɗe bonet ka nemi ƙaramin farantin ƙarfe da ke maƙale a jikin motar, akwai lambar samfurinta a kai, ka ɗauki hotonsa tare da lambar shasi da ke kan kart giris. Tiyon burkin Toyota lambarsa da 90947 take farawa, mai kanti da ya san aikinsa in ka ba shi lambar shasi zai iya fito maka da sauran lambobin a waya. In babu a nan, ai Katsina ba nisa ta Ɗan Isa da Jibiya, Kano kuma akwai Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, ba sai ka je da kanka ba, ka tura hoto ta WhatsApp ka shimfiɗa tsohon kusa da tef ɗin tela a ga tsawonsa, ka ɗauki kowane baki daga kusa, a ba direban da ka yarda da shi ya taho maka da shi. Amma ka ce sabo kake so, ka maimaita, don Ƙofar Ruwa ɗin ma gidan okaziyo ce.

In ya zo, abu na farko bakuna. Ka ajiye su gefe da gefe da tsohon, na miji ne ko na mace, ko irin mai zobe ne da ƙusa ke ratsawa, da wurin da sakatar ƙarfe ke kama shi a jikin shasi. Sai haƙora, kuma nan ne aka taɓa kayar da ni don haka bari in daɗe a kai. Toyota haƙoranta na milimita ne, M10 da tazarar 1. Akwai kuma na inci, 3/8 mai haƙora 24, irin na motocin Amurka da wasu tsofaffin motocin Ingila. In ka riƙe su a hannu ba za ka bambanta ba, na incin ya ɗan fi siranta da abin da bai kai rabin milimita ba, don haka yana shiga ramin Toyota ya yi ta juyawa kamar gidansa ne. Wani mai kanti da ba zan faɗi sunansa ba ya taɓa ba ni irinsa a kan cewa daidai ne, na ɗaura, na cire iska, na taka sau biyu lafiya, a na uku na ji ƙas, haƙoran sun zame mai ya feso mini a riga, Allah ya so motar tana kan jak. Tun ranar nake ɗaurawa da yatsu tukuna, in na ji noti yana rawa a cikin ramin bayan ya shiga zagaye uku ko huɗu, ba nasa ba ne.

Sai tsawo, kuma ina da tambaya gare ka: an ƙara wa motar nan sifirin? Don na san halinmu, duk mai ɗaukar buhu sai ya ƙara ganye biyu ko uku a baya. In an ƙara, motar ta ɗaga, tiyon baya da ke saukowa daga shasi zuwa aksul na asali ma zai iya yi mata gajarta, ka faɗa rami aksul ya sauka ya fizge shi. Gwajin ba wuya, a ɗaga motar ta shasi a bar ƙafafun suna lilo, tiyon ya kasance da sauran sassauci. A gaba kuma a juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, kada ya miƙe kamar tsirkiya, kada kuma ya goga taya. Wanda ya yi tsawo da yawa shi ma matsala ne, taya za ta cinye shi. Akwai layi da ake zanawa a jikin tiyon daga sama har ƙasa, ba ado ba ne, don ka gane in ya murɗe ne wajen ɗauri.

Galibi tiyo uku ne a motar, biyu gaba ɗaya baya, ka canza su duka tunda rana ɗaya aka haife su. In mai zobe ne a sa sabbin wasa biyu na jan ƙarfe, wato ƴan zobban da ke hana mai zuba a bakin. Ka ce wa makaniken ya sa sifana 10 irin mai rungume notin bututu, ba filaya ba, in ya cinye kan notin sai ka koma neman bututun ƙarfe kuma. Wajen cire iska a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, wato famfon da ke turo mai in ka taka burki, kuma Hilux tana da wani bawul a baya kusa da aksul mai auna nauyin lodi, shi ma da bakin cire iskarsa, yara da yawa suna mantawa da shi sai a yi ta mamakin burki yana laushi. In an gama ka taka da duk ƙarfinka ka riƙe rabin minti wani yana leƙen kowane baki, sannan ka fita titi.

TAMBAYA: Malam ni 504 bashe gare ni, ƙafar gaba ta dama ke zafi har tana wari in na zo daga Jiratawa da kayan lambu, an canza fad (takalmin burki) an wanke kalifa (abin da ke matse fad ɗin) amma abin bai bari ba. Daga wani mai karatu a Sabon Gari.

AMSA: Malam ina zaton tiyo ne, ko da daga waje ka gan shi lafiya. In cikinsa ya ruɓe wata ƴar fata takan saki ta zama kamar ƙyaure, in ka taka mai ya wuce da ƙarfi, in ka ɗaga ƙafa ya kasa dawowa, sai burkin ya zauna a kame. A ɗaga ƙafar, a taka burki sau biyar a saki, in ta ƙi juyawa a ɗan kwance bakin cire iska na kalifa, in mai ya yi tsartuwa ƙafar ta saki nan take to kalifarka ba ta da laifi, abin daga tiyo ne ko sama da shi. Kai kam nemanka da sauƙi, tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna kuma 504 ta daɗe ana yin ta can har bayan shekarar 2000, kayanta ba su ɓace a Kano da Kaduna ba. Kada dai a ce maka ga na Toyota haƙoran sun shiga, yawancin motocin Turai kan bututunsu a dunƙule yake kamar ƙwallo, na Japan kuma a buɗe kamar bakin mazurari, in ba su dace ba zai yi ta zufa komai ɗaurin da aka yi masa.

TAMBAYA: Ina wuni Baba, mota gare ni a-kori-kura da direba ke ja mini, ya ce man burki ya ƙare musu wajen Madarunfa sai ya zuba jan man sitiyari suka iso gida, yanzu ya ce a ƙara man burki a kai kawai. Haka ne? Daga wata Hajiya a Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, amma ba haka ba ne, kada ki yarda. Jan man nan dangin man injin ne, duk robar da ya taɓa a cikin burki sai ta kumbura ta yi laushi. Ki sa a buɗe murfin kofin man ki duba robar da ke ƙarƙashinsa, in kin ga ta baje ta fi murfin girma ta ƙi komawa wurinta to haka na cikin masta da kalifa da tiyo suke zama. A zubar da man duka, a wanke bututun ƙarfe, a canza robobin da tiyon, na san kuɗi ne kuma direban zai ce na cika tsanani. Sannan a binciki inda man farkon ya bi, don man burki ba ya ƙonewa kamar na injin, in kofin ya bushe akwai inda yake zuba. A zuba man burki irin DOT 3 ko DOT 4 kamar yadda aka rubuta a kan murfin, kada a haɗa da DOT 5, kuma daga gwangwanin da aka buɗe a gabanki, ba na cikin gorar ruwa da ake sayarwa a bakin tasha ba, don man nan yana shan danshi daga iska, DOT 3 sabo sai ya haura digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya sauka wajen 140. Ki saya masa ƙaramin gwangwani ɗaya a rufe ya ajiye bayan kujera, ki riƙa tambayarsa in ya buɗe shi.