Kauri Ko Faɗi: Wane Fayif Ne Ya Fi Jure Nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan sa a haɗa mini firam na teburin aiki mai tsawon mita biyu da fayif ɗin ƙarfe mai kusurwa huɗu. Mai walda ya ce in sayi 40x40 (wato faɗin kowane gefe milimita 40) mai kaurin milimita 3, ni kuma idona na kan 50x50 mai kaurin milimita 2. Wanne ya fi ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, in dai lanƙwashewa kake gudu, idonka ya faɗa maka gaskiya. Idan aka ɗora nauyi kan fayif a kwance, ƙarfen da ke can sama da can ƙasa ne yake shan wahala, na tsakiya kusan ɗan kallo ne. Duk yadda saman ya yi nisa da ƙasan, haka taurin yake ƙaruwa.

Ɗauki 40x40 mai kaurin milimita 2 a matsayin ma'auni. In ka ƙara kaurinsa ya zama 3, taurin bai kai ƙarin rabi ba, ga nauyi ya tashi daga kilo 2.3 a kowace mita zuwa wajen 3.3. In kuwa ka bar kaurin a 2 ka koma 50x50, taurin ya ninka sau biyu, nauyin kuma bai wuce kilo 3 ba. Wato naka ya fi na mai waldar tauri, ya kuma fi shi sauƙin ɗauka. Shi ya sa ni na fi son 60x30 wajen sandunan da ke kwance, amma a tsayar da shi kan gefensa siriri. Aka kwantar da shi kan faɗinsa, taurin ya koma kashi ɗaya cikin uku.

Sai dai kada ka raina maganar mai waldarka. Fayif mara kauri wuta takan huda shi lokacin walda, noti in an ɗaure da ƙarfi yakan lotsa shi, tsatsa kuma ba ta daɗewa ta cinye shi. Wurin da za ka ɗaure wani inji ko za a riƙa duka da guduma, sa faranti mai kauri a ƙarƙashi.

Tsawon ma abin dubawa ne: in tazarar ƙafafu ta ninka sau biyu, nauyin da ke tsakiya zai lanƙwasa sandar ninki takwas. Ƙara ƙafa ɗaya a tsakiyar mita biyun nan, sannan a gicciya ƙarfe daga kusurwa zuwa kusurwa a bayan teburin don kada ya riƙa rawa.